Wayar Ɗan Aike

Wani saurayi mai rubuta manhaja ya haɗa wasan waya da manhajar Unity. Yana so kowane ɗan wasa ya ƙera surar da za ta tsaya a madadinsa, sai ya buɗe asusu a Ready Player Me, kamfanin ƙasar Istoniya, aka ba shi allon sarrafawa. A lokacin, a wannan allon ake yanke shawara: cikakken jiki ko rabi, harshen da za a rubuta maɓallai da shi, da ko za a bar mutum ya ɗauki hoton fuskarsa a fitar masa da sura daga ciki.

Saurayi bai bar komai a kashe ba. Duk zaɓin da ya gani sai ya kunna. Da ya koma Unity kuma ya sa zanen fata da na tufafi a kan girman ɗigo 2048, don ko zaren riga ya fito. A kwamfutarsa abin ya yi kyau ƙwarai, har ya kira yayarsa, wadda ta riga shi shiga sana'ar, ta zo ta gani.

Ko kallon kwamfutar ba ta yi ba. Ta leƙa waje ta kira yaron da ke yi musu aike, ta ari wayarsa, ƙaramar Android mai fasasshen gilashi.

"Sa shi a nan."

Aka sa. Aka jira. Surar ta fito da ƙyar, wayar ta ɗau zafi, sai ga saƙon cewa data ta kusa ƙarewa. Yaron ya miƙo hannu a hankali yana neman kayansa.

"Yaya, ai wayar ce ba ta da ƙarfi."

"To wa ka yi wa wasan, ƙanena? Ka zama telan da ya auna jikinsa ya ɗinka wa wani riga. Zanen 2048 ya ninka na 512 sau 16 a yawan ɗigo, kuma duk sai wayar nan ta sauke shi ta riƙe. A ɗan allon nan wa zai ga zaren rigarka?"

Ya yi shiru, irin na wanda aka faɗa wa gaskiya a gaban yaro. Da dare ya koma allon, ya rage zaɓuɓɓuka, a Unity kuma ya mayar da zanen 512. Kuɗin datar yaron ma yayar ta sa shi ya biya.

Washegari surar ta buɗe a wayar ɗan aiken tun kafin ya gama gaisuwa.