DAIDAI NE A CUCI KAƊAN DOMIN A WARKAD DA MASU YAWA?

Ga wata tambaya mai wuya. In akwai magani wanda ya ke warkad da mutum tara, amma ya kan cuci na goma, daidai ne a ba dukansu? Wannan tambaya ta taso a kan maganin zazzaɓin cizon sauro.

A kan haifi waɗansu da ƙarancin wani abu cikin jini, wanda likitoci su ke kira G6PD. Aikinsa shi ne ya tsare jajayen ƙwayoyin jini kada su fashe. Gado ne, ya fi bayyana ga maza, gama ɗa namiji daga wurin uwarsa ya ke samunsa. An ƙiyasta mutum wajen miliyan 400 ke da shi a duniya, da yawansu kuwa a Afirka su ke. Wannan dabam ne da sikila. Mai shi ya kan yi zamansa lafiya lau, sai ran da ya sha wani irin magani. Sa'an nan ƙwayoyin jininsa su farfashe, idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu kamar baƙin shayi, ƙarfinsa ya ƙare.

Lokacin yaƙin Koriya, daga 1950 zuwa 1953, an ba sojojin Amurka wani magani, firimakwin, sai aka ga waɗansu baƙaƙen sojoji suna rasa jini. A 1956 aka gane dalilin. Bayan shekaru da yawa, sa'ad da kulorokwin ya daina aiki sosai, aka fito da Lapdap a 2003, magani mai araha domin Afirka. Amma gwaji ya nuna yana fasa jinin masu wannan ƙarancin, aka janye shi a 2008.

To, wani zai ce, zazzaɓi yana kashe yara kowace rana, me ya sa za a hana tara magani saboda ɗaya? Maganarsa tana da nauyi, gama wanda ya mutu don rashin magani shi ma ɗan wani ne. Wani kuma zai ce, a bar duk maganin da ke da haɗari. Wannan ma kuskure ne, domin tsoron magani ya kan ba zazzaɓi dama.

A ganina, dukansu biyu sun manta da abu ɗaya, wato ana iya gane na goman nan. Akwai gwajin jini mai nuna shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a yi gwajin kafin a ba mutum firimakwin na kwana 14, wanda a ke sha don kashe irin zazzaɓin da ke ɓuya cikin hanta. In an same shi da ƙarancin, likita ya kan iya ba shi sau ɗaya a mako har mako takwas, yana lura da shi. Ashe ba dole ne a zaɓi tara a yar da ɗaya ba. Inda akwai hanyar sani, wanda ya ƙi bincike ba shi da hujja ya ce ƙaddara ce.

Wannan magana ta shafe mu a gidajenmu. Sau da yawa mutum ya kan miƙa wa maƙwabcinsa sauran maganinsa, ya ce, “Sha, ni ya yi mini amfani.” Nufinsa alheri ne, amma jininsu ba ɗaya ba ne. In yaro ya yi zazzaɓi, a kai shi asibiti da sauri. In wani a danginku ya taɓa yin baƙin fitsari bayan shan magani, ku gaya wa likita tun kafin ya rubuta. Na goman nan, wataƙila ɗanka ne.