Tsufa Ciwo Ne da Za a Nema Masa Magani?

Akwai wata rana da ke jiran kowane ɗan Adam da Allah ya yi wa tsawon rai. Ran nan sai ya ɗauki madubi da safe, ya ga goshinsa ya yi tamoji, kumatunsa sun soma zubowa, ƙarƙashin idanunsa ya kumbura kamar wanda ya kwana yana kuka. A zamanin dā abin da mutum kan yi a wannan rana shi ne ya ajiye madubin, ya gode wa Allah, ya tafi sha'aninsa. A zamanin yanzu kuwa akwai likitoci a manyan biranen duniya waɗanda kan ce masa, in yana da kuɗi, za su mayar masa da fuskarsa ta shekara goma da suka wuce, ba tare da an sa masa wuƙa ba. To, ya kamata mai hankali ya amsa kiransu, ko kuwa ya ƙi?

Kafin a yanke hukunci ya kamata a san abin da ke sa fuska ta tsufa. Cikin fata akwai waɗansu zaruruwa ƙanana da ake kira kolajin, su ke riƙe ta kamar yadda zare ke riƙe saƙa. Da shekaru suka miƙa sai su ragu, kitsen kumatu ya zame, fata ta saki. Zafin rana da shan taba suna gaggauta wannan. Kumburin ƙarƙashin ido kuwa iri biyu ne. Wani ruwa ne ke taruwa saboda rashin barci, ko yawan gishiri, ko kuka, shi wannan yakan sauka da kansa. Wani kuma kitsen da ƙwayar ido ke kwance a kansa ne ke turowa waje, don tantanin da ke tare shi ya yi rauni. Har wa yau kumburin fuska da safe yakan zama alamar ciwon ƙoda, saboda haka wanda ya ga nasa ya ƙi sauka, asibiti ya kamace shi, ba wurin masu gyaran fuska ba.

Mafi shahara cikin magungunan nan ita ce allurar da ake kira Botox, asalinta kuwa dafi ne. A shekarar 1895 wani masani a Beljiyam, Emile van Ermengem, ya gano ƙwayar cutar da ke haifar da dafin cikin ruɓaɓɓen nama, bayan ya halaka waɗansu mutane. Aikin dafin shi ne ya hana jijiya isar da saƙo ga tsoka, sai tsokar ta kasa motsi. Wani likitan ido a Amurka, Alan Scott, ya ga in an ɗebi ɗan kaɗan ƙwarai ana iya gyara karkataccen ido da shi, aka kuwa yarda da wannan a 1989. Kafin nan, a 1987, wata likita a Kanada, Jean Carruthers, ta lura goshin masu karɓar allurar yana miƙewa. Ita da mijinta, likitan fata, suka bi diddigin abin, har hukumar magunguna ta Amurka ta amince a yi ta don kwalliya a 2002. Amma aikinta wata uku ne ko huɗu, sa'an nan tamojin ya komo, a komo da kuɗi.

Ta biyu ita ce allurar ciko. Wani abu ne mai yauƙi, ana ce da shi hayaluronik, wanda dā ma akwai irinsa cikin jikin mutum. Akan ɗura shi inda fuska ta rame, ko cikin kwarin da ke ƙarƙashin ido, don wurin ya daidaita. Yakan yi wata shida zuwa shekara guda, wani lokaci ya fi haka. Ba ya kawar da kitsen da ya turo, ɓoye shi kaɗai yake yi. Kawar da shi sai aikin wuƙa. Akwai kuma mayukan shafawa, da na'urori masu ƙona saman fata da haske don sabuwa ta fito, waɗanda kan bar tabo mai duhu ga baƙar fata in ba a yi a hankali ba.

A hannun gwani yawancin waɗannan ayyuka sukan ƙare lafiya. Duk da haka allurar Botox takan sa fatar ido ta faɗo har makonni, allurar ciko kuwa in ta shiga hanyar jini tana iya kashe fata, ko ta makantar da mutum, ko da yake wannan ba safai ba ne. A 2024 mutane sun kwanta asibiti a Amurka saboda jabun allura. Ingila ma ta hana yi wa wanda bai kai shekara 18 ba don kwalliya tun 2021. Tun farkon ƙarni na ashirin aka ga irin wannan: Gladys Deacon, wadda ake ambato cikin kyawawan matan Turai, ta sa aka ɗura mata kakin farafin don ta miƙe hancinta, sai kakin ya gangaro ya ɓata mata fuska. Wannan shi ne garin gyaran gira a rasa ido.

Masu goyon bayan abin suna da hujja, ba kuwa ƙarama ba. Sukan ce, ai tun kaka da kakanni ake sa kwalli da lalle, ana shafa man kaɗanya, tsofaffi suna rina gemu, ba wanda ya ce laifi ne. Ko kana da kyau ka ƙara da wanka. Me ya raba wannan da wancan? Sukan kuma kawo misalin matar da ta haifa wa mijinta 'ya'ya takwas, sa'an nan ya daina duban fuskarta, ko magidancin da ya je neman aiki aka dubi idanunsa aka ce ya gaji. Ashe in waɗannan suka nemi abin da zai rage musu baƙin ciki, wa zai zarge su?

Masu ƙi kuwa sukan ce kwalli ado ne a bisa halitta, kowa ya gan shi ya san kwalli ne, ruwa kuma yana wanke shi. Allura kuwa shiga take cikin nama, amfaninta duka shi ne kada a gane an yi ta. Malaman Musulunci sun daɗe suna rarrabe tsakanin kawar da aibi da sāke halitta don neman ƙarin kyau. Sukan kafa hujja da labarin sahabin nan Arfaja, wanda aka sare wa hanci a yaƙi, aka yardar masa ya yi na zinariya. Wanda wuta ta ƙona, ko wanda fatar ido ta rufe masa gani, magani yake nema. Amma tsufa ba ƙuna ba ne, ba kuwa cuta ba ce. Hanya ce wadda duk wanda bai mutu da ƙuruciya ba sai ya bi ta.

In aka auna maganganun nan biyu, za a ga nauyin al'amarin ya fi karkata ga niyya da sakamako. Wanda ya gyara fuska don ya ruɗi mai neman aurensa game da shekarunsa, ya yi algus, daidai da mai zuba ruwa cikin nono. Wanda ya ɗauki kuɗin makarantar 'ya'yansa ya kai wa mai allura kowane wata huɗu, ya zalunci na ƙarƙashinsa. Wanda ya bi araha ya miƙa idonsa ga wanda ba likita ba, ya zalunci kansa. Wanda ya kuɓuta daga ukun nan, ba a ce da shi mugu ba. Sai dai ya sani akwai hasarar da ba a rubuta ta cikin takardar likita ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Tamojin goshi sawun tunani ne, na gefen ido sawun dariya ne. Allurar da ta hana tsoka motsi, in ta yi yawa, takan rage wa fuska ikon ba da labari, har yaro ya dubi uwarsa ya kasa gane ko murna take yi ko fushi.

Babban laifi dai yana wuyan waɗanda suka mai da tsufa abin kunya: mijin da ya manta wahalar da ta jawo tamojin matarsa, da mai ɗaukar ma'aikata da ke duban fata ya bar aiki, da ɗan kasuwar da ke tsorata mutane da fuskokinsu don ya sayar musu da magani. Inda ake tashi tsaye don furfura, ake ba dattijo tabarma da magana ta ƙarshe, ba mai gudun a san shekarunsa. Sa'ad da garin ya daina girmama tsofaffinsa ne kasuwar allura ke ci.

Saboda haka mai hankali ya kula da fuskarsa ta hanyar da ba ta da haɗari: ya sami barci isasshe, ya rage gishiri, ya bar taba, ya kāre kansa daga zafin rana. In ciwo ne, ya nemi likita na gaskiya. In kuwa shekaru ne kawai, to, ya tuna da tsaransa da aka binne da fuska sumul, ba su kai ga ganin jikokinsu ba. Allah ya ba kowa tsufa mai daraja, ya sa a gama lafiya.