Mudun wake da tambayar amana

A kasuwar Nyanya, bakin iyakar Abuja da Nasarawa, da mudu ake awon wake. Mai saye ya damƙa, ya duba ko ƙwari sun huda, ya taya. Ba ya tambayar ko an sauya wa irin ƙwayoyin halitta, kuma ko ya tambaya, mai awo bai sani ba.

Alhali tun Disambar 2019 Najeriya ta amince da SAMPEA 20-T, waken da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar. An dasa masa ƙwayar halitta daga wata bakteriyar ƙasa domin ya kashe tsutsar da ke cin fure. Manomin da ke feshi sau shida ko takwas a damina yana iya tsayawa a biyu, huhunsa da aljihunsa su huta.

Kan irin wannan abinci, Turawa sun dogara da rubutu a jikin leda: a sanar da mai saye, ya zaɓa. Bahaushe kuwa amana yake dubawa. A nazarin Anthony Kirk-Greene na 1974 kan mutumin kirki, gaskiya da amana ne a sahun gaba. Ita kuma amana sai da mutum mai suna da ƙofar gida, wanda za a tsare idan abu ya ɓaci. Kano ta ga haka a 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya haɗa da yara kimanin 200 ana tsakiyar annobar sanƙarau. Sha ɗaya suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, sulhu da gwamnatin jihar bai zo ba sai 2009. Tabon na cikin abin da ya sa aka guji allurar shan inna a 2003.

Ƙirƙirarriyar basira ta fi wake wuyar sha'ani. Ma'aikacin da ke shan cunkoson Nyanya kullum, in ya nemi rance ta manhajar waya, na'ura ce ke auna shi ta ce a'a. Ɗan kasuwar da ya hana bashi ana iya tura masa dattijo ya ji nauyi. Wa za a tura wa na'ura?

Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba ma'aikacin damar neman ɗan Adam ya sake duba hukuncin. Sai dai da Turancin lauyoyi aka rubuta ta, kuma da wuya a sami mai awo ko mai saye a kasuwar da ya taɓa jin labarinta.