Yaushe Ne Aikin Dako Yake Zama Bauta?

Ƙaura daga wannan gida zuwa wancan ta zama ruwan dare a biranen ƙasar nan. Kuɗin haya ya ƙare, ko an yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, ko an tura fasto wata ikkilisiya, sai a nemi mai mota. Ta haka wata ƙaramar sana'a ta kafu a Abuja, Legas, Jos da Fatakwal: mutum ɗaya mai babbar mota ɗaya ko biyu, da direba, da samari huɗu ko biyar waɗanda za su sauko da gado da firiji daga bene hawa uku. Masu bi da yawa suna cin abinci ta wannan hanya, ba kuwa abin kunya a cikinta. Tambayar dai ita ce: ko mutumin da bai taɓa ɗaga wa yaronsa hannu ba zai iya zama mai riƙe da shi cikin aikin tilas?

Dattawan Filato sun san aikin tilas da fuskarsa a buɗe. Tsakanin 1942 da 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin mulkin mallaka ta kwashi dubban mutane daga ƙauyuka zuwa haƙar kuza, da yawa kuwa ba su koma gida ba. A wancan zamani kowa ya san wanda ya tilasta shi. Na yau ya fi wuyar ganewa, gama ba dogari, ba igiya.

Yarjejeniya ta 29 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a 1930, Najeriya kuma ta amince da ita a 1960, ta gane aikin tilas ta abu biyu: barazanar hukunci, da rashin yardar mai aikin. Sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ma ya haramta shi. Hukuncin da ake nufi ba lalle ne ya zama bulala ba. Asarar albashin wata biyar ma hukunci ce.

Ga yadda abin yakan tafi. Saurayi ya zo daga ƙauye, ko daga sansanin 'yan gudun hijira irin na Durumi a Abuja, inda mutanen Gwoza suka fake bayan 2014. Maigida ya biya masa kuɗin mota, ya ba shi wurin kwana a gareji, ya ce za a cire daga baya. Ya karɓi katin shaidarsa na ɗan ƙasa don gudun sata. Ya ce zai riƙa ajiye masa albashi kada ya ɓarnatar. Ran nan madubi ya fashe a matakala, sai a ɗora wa yaran duka, maigida ne kuma yake faɗin kuɗinsa. Bayan wata shida, yaron da ya sha ɗaukar kaya har kafaɗarsa ta yi kanta ya tarar shi ake bi bashi.

Adalci ne a ji ta bakin mai sana'ar. Ana yin sata da gaske, akwai yaran da suke ɓacewa da kayan mutane, talabijin ɗaya da ya fashe yana iya cinye ribar mako, mai kuma ya yi tsada tun bayan cire tallafi a 2023. Kowane mataki da ya ɗauka yana da dalili. Amma idan aka haɗa su wuri ɗaya, sun zama katanga. Yakan ce, ai yaron ne ya zo da ƙafarsa yana roƙon aiki. Gaskiya ne, sai dai yardar da mai jin yunwa ya bayar a ƙofar shiga ba ta zama yarda ta har abada ba. Inda ake gane 'yanci shi ne ƙofar fita: in yaron ya ce yau zai tafi, zai tafi da katinsa da kuɗinsa a hannu, ko kuwa sai ya bar su?

Shari'ar Musa ta hango wannan tun da daɗewa. A Kubawar Shari'a 24:14-15 an umarta a biya matalaucin ɗan ƙodago ladansa a ranar, kafin rana ta faɗi, domin a kansa ya sa zuciya. A aya ta 6 ta wannan sura an hana karɓar dutsen niƙa jingina, gama da shi gida yake cin abinci. Katin shaida da wayar hannu su ne dutsen niƙan saurayin birni a yau. In babu su, ba banki, ba neman wani aiki, ba kiran gida. Yakubu 5:4 kuwa ya nuna cewa ladan da aka danne ba ya yin shiru a gaban Ubangiji. Ajiye wa yaro kuɗi ba laifi ba ne in shi ya roƙa, ya san adadin, yana kuma iya karɓa ran da ya ga dama. In ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, ajiyar ta zama sarƙa.

Dokar ƙasa tana taimakawa, amma hannunta gajere ne. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka kafa a 2024 bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, wato kusan dukan masu wannan sana'a. Duk da haka Dokar Ƙwadago ta hana cin tarar ma'aikaci daga albashinsa. Cire kuɗin ɓarna ma sai ta faru da gangan ko sakaci, da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago, kuma abin da za a cire a wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku.

Rigakafin ba mai tsada ba ne. A faɗi lada kafin a ɗaga kujera ta fari, a rubuta a littafi, kowa ya sa hannu. Maimakon riƙe kati, a ɗauki hotonsa, a nemi mai tsaya wa yaron. Fashewar kaya kuwa haɗarin sana'a ce, kamar fashewar taya, wurinta cikin farashi ne. In ta hannun shugaban 'yan dako aka samo yaran, mai mota ya tambaye su da bakinsa nawa ya shiga hannunsu, domin a tsakani kuɗi yakan zube.

Iyalin da suke ƙaura ma suna ciki. Idan maigida ya yi ta ciniki har ya rage rabin kuɗin, gidan mai ba zai rage nasa ba, mai sayar da taya ma haka. Daga guminsu samarin nan ragin zai fito. Uwargida takan ba su ruwa da abinci, wannan kuwa alheri ne, amma tuwo ba lada ba ne. Tana iya tambayar ƙaramin cikinsu shekarunsa nawa, da yaushe rabonsa da karɓar kuɗi. In amsar ta tayar mata da hankali, mai motar sau da yawa ɗan ikkilisiya ne da dattawa za su iya zama da shi. In kuwa an kulle yaro ko an yi safararsa, hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, ita ke karɓar irin wannan ƙara.