Ranar Da Dauda Ya Mai Da Takobi Kube

Karatu: I Sama'ila sura 25

Mun saba jin yadda Dauda ya sami Sarki Saul cikin kogo, bai kashe shi ba. Wannan yana sura 24. A sura 26 kuma ya sake iske shi yana barci, ya ƙyale shi. Amma tsakanin surorin nan biyu akwai labarin da ba mu cika karantawa ba, gama a cikinsa saura kaɗan Dauda ya hallaka gida guda saboda baƙar magana.

Akwai wani mai arziki a Mawon, sunansa Nabal, watau wawa. Yana da tumaki 3,000 da awaki 1,000. Mutanen Dauda sun daɗe a jeji tare da makiyayansa, suna tsaronsu dare da rana, ko ɗan rago bai ɓata ba. Da lokacin sausayar tumaki ya yi, Dauda ya aiki samari 10 su gaishe shi, su roƙi ɗan abinci. Nabal ya kore su, har ya kwatanta Dauda da bawan da ya gudu wa ubangidansa.

Nan da nan Dauda ya ce kowa ya rataya takobi. Mutum 400 suka bi shi, 200 suka zauna wurin kaya. Ya rantse kafin gari ya waye ba za a bar namiji ko ɗaya da rai a gidan ba. Ku lura fa: mutum ɗaya ne ya yi zagin, amma har makiyayan nan da suka yi zaman lafiya da shi za su mutu. Haka ramuwa ta ke, ba ta san iyaka ba. Shanun mutum ɗaya su ci gona, sai a ƙone ruga duka, gobe kuma a zo a ƙone ƙauye.

Abigail matar Nabal ba ta tsaya gardama a kan mai gaskiya ba. Ta labta wa jakuna gurasa 200, da salka 2 ta ruwan inabi, da tumaki 5 gyararru, da gasasshen hatsi, da busasshen inabi da ɓaure, ta tare shi a hanya. Ta yarda mijinta ya yi wauta. Amma ta tuna wa Dauda cewa wata rana zai yi sarauta, kada ya hau gado da alhakin jinin da ya zubar a banza. Dauda ya ji, ya yabi Allah wanda ya aiko ta, ya koma. Bayan kwana wajen 10 Ubangiji ya bugi Nabal, ya mutu.

A nan sai mu yi hankali. Na sha jin mai bi ya ce, na bar shi da Allah, alhali kuwa yana ƙirga kwanaki, yana jira ya ji an yi kuka a gidan maƙwabcinsa. Wannan mutum bai ajiye takobi ba, so ya ke Allah ya riƙe masa. Manzo Bulus cikin Romawa sura 12 ya hana mu ramawa da kanmu, domin sakayya aikin Ubangiji ne, sa'an nan ya umurce mu mu ciyad da magabci in yana jin yunwa. Ba a raba biyun. Kai ƙara wurin dattawan ekklesiya, ko mai unguwa, ko alƙali, ba laifi ba ne. Bulus kansa ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar. Abin da aka hana shi ne ka zama mai ƙara, kai ne alƙali, kai ne kuma hauni.

Kada wani ya ce wannan na mutanen dā ne. A rikicin shekara ta 1992 a Jihar Kaduna, James Wuye ya rasa hannunsa na dama, Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwa biyu. Kowannensu yana da dalilin ramuwa. Suka sadu a 1995, daga baya Fasto da Liman suka kafa cibiyar sulhu tare a Kaduna. Sa'ad da mahaifiyar Wuye ta kwanta a asibiti, Ashafa ya je gaisuwa. Ina faɗin wannan da kunya kaɗan, gama mu da mu ke da labarin gicciye ya kamata a riƙa ganin ƙafarmu tana fara takawa.

Watakila kai mai karatu kana da Nabal naka: wanda ya ci maka iyakar gona, ko ƙanen uba da ya danne gādo, ko ma wanda ku ke zama benci ɗaya ran Lahadi. Kafin ka zo cin Jibin Ubangiji na watan nan, ka faɗa wa Allah sunansa da abin da ya yi maka, kada ka rage kome. Sa'an nan ka auna hatsi kwano ɗaya, ka tafi ƙofar gidansa, ka yi sallama.