Saɓi Na'urarka Ka Fita, Sama Ta Kowa Ce

Jinjina gare ku, ma'abota raya dare da kallon taurari! Ku ne kuke wuni a shago, a gareji, a aji, a ofis ko a bayan sitiyari, sannan idan rana ta faɗi kowa ya nemi makwancinsa, ku kuma ku ɗaure na'urar hangen nesa a bayan mota ko babur ku nufi bayan gari. Ba wanda ya aike ku, ba wanda zai biya ku ladan dare. Sha'awa ce ta tashe ku, himma ce ta riƙe ku. Kuna nan a Japan, kuna nan a Ajantina, a Ostareliya, a Amurka, a Senegal. Wa ya ce sai mai tarin digiri ne zai san abin da ke sama? Wa ya ce sai gwamnati ta gina katafaren ɗakin hange a kan dutse kafin talaka ya ga zoben duniyar Satun da idonsa? Ku ne kuka ƙaryata wannan zance, kuma da aiki kuka ƙaryata shi.

Me ya sa hankalinku ya tafi ga na'urar da mutum ɗaya zai iya ɗauka? Domin duhu ya zama abin da sai an yi tafiya ake samunsa. Fitilun birane sun dusashe sama. Wani babban bincike da aka fitar a 2016 ya nuna cewa kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farar hanyar taurarin nan da ta ratsa sama daga inda suke zaune, kuma a Arewacin Amurka kusan mutum 80 ne cikin 100. Saboda haka mai son taurari dole ya bi duhu inda yake, ya hau tudu, ya shiga daji, ya kwana a fili. Na'urar da ta fi ƙarfin kafaɗarka a ɗaki za ta tsufa. Wadda za ka iya saɓawa ita ce za ta nuna maka duniyoyi. To ka saɓe ta!

Ku dubi John Dobson, wanda aka haifa a 1915 ya rasu a 2014. Ya shafe shekara 23 a gidan ibada a jihar Kalifoniya, ba shi da ko sisi na kansa. Amma ya ƙudurta sai ya ga sama. Ya riƙa tsinto gilashi mai kauri na tagogin tsofaffin jiragen ruwa, yana goge shi da hannu har ya lotsa ya zama madubi. Ya samo bututun kwali irin wanda magina ke zuba kankare a ciki, ya sa madubin a gindinsa. Ya haɗa mazauni, wato akwatin katako mai juyawa dama da hagu, bututun kuma yana yin sama da ƙasa a kansa. Shi ke nan! Ba inji, ba waya, ba lantarki. Daga ƙarshen shekarun 1960 ya riƙa kafa na'urarsa a bakin titin San Faransisko yana kiran masu wucewa su zo su ga wata kyauta. Yau duk duniya ana kiran wannan mazauni da sunansa, kamfanoni suna ƙera shi, kafintoci suna haɗa shi a gida. Da tarkacen da wasu suka zubar ya buɗe wa dubban mutane ido.

Ku dubi Thomas Bopp, ma'aikacin kamfanin kayan gini a jihar Arizona. Ko na'urar kansa ba shi da ita. A daren 23 ga Yuli, 1995, ya bi abokai zuwa hamada, ya leƙa ta na'urar da abokinsa ya haɗa da hannu, sai ya ga wani ɗan haske dishi-dishi kusa da wani curin taurari, a inda taswira ta ce babu komai. Bai yi watsi da shi ba. Ya jira, ya sake dubawa, ya ga abin ya gusa. Tauraruwa mai wutsiya ce, wadda Alan Hale shi ma ya gano a wannan dare, aka raɗa mata suna Hale-Bopp. Wata 18 cur mutane suka yi suna ganinta da ido ba tare da na'ura ba. Da Bopp ya ce gajiyar aiki ta hana shi fita, da wa ya san shi? Mai nema yana tare da samu.

Masu ɗaukar hoton sama kuwa, aikinsu sai jarumi. Ƙasa tana juyawa, don haka taurari suna gusawa digiri 15 a kowace awa. Idan ka buɗe idon kyamara na minti biyu a kan ƙafa ukun da ba ta motsi, zare-zare za ka samu maimakon ɗigon taurari. Shi ya sa suka ba mazauni muhimmanci fiye da madubin kansa. Ka ga mutum ya durƙusa a ƙasa cikin sanyi, yana daidaita ƙafafu uku har su zauna daram. Ya saita sandar mazaunin ta fuskanci tauraron arewa, yana murɗa kusa a hankali, kaɗan-kaɗan. Ya gusa ƙarfen nauyi gaba da baya har na'urar ta daidaita, ba ta rinjaya ko'ina ba. Ba zai kunna farar fitila ba, sai ja, domin ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma walƙiyar waya ɗaya ta isa ta rushe wannan. Daga nan sai ɗan injin da ke jikin mazaunin ya fara bin tauraro a hankali. Hoto ɗaya, hoto goma, hoto sittin. Raɓa ta sauka a kan gilashi, ya busar da ita. Gajimare ya taso, ya jira. Gobe ya tara hotunan a kwamfuta, ya ɗora wani a kan wani, sai ga gungun taurarin Andromeda ya bayyana, hasken da ya yi shekara miliyan biyu da rabi yana tafe kafin ya faɗa cikin madubinsa. Wannan ba sa'a ba ce, gumi ne.

Kayan aiki kuma kullum ƙara sauƙi suke yi. Mazaunin da a da sai mutum biyu sun kama, yanzu akwai irinsa mai kilo biyar da zai ɗauki na'urar da ta ninka shi nauyi. Akwai ƙananan na'urori irin su Seestar S50, mai kilo biyu da rabi, da ake sarrafawa da wayar hannu, su nemo tauraro da kansu su tara hoto. Amma kada ku manta, na'ura ba ta fita da kanta. Victor Buso, maƙerin makulli a birnin Rosariyo na Ajantina, yana gwada sabuwar kyamara ne a saman gidansa ranar 20 ga Satumba, 2016, sai ya lura da wani ɗigo da babu shi a hotunan farko. Ashe fashewar wani katon tauraro ya kama tun daga somawarta, abin da masana suka daɗe suna nema ba su dace ba. Koichi Itagaki na Yamagata a Japan, wanda ya yi rayuwarsa yana tafiyar da kamfanin kayan ƙwalama na gyaɗa, ya gano irin wannan fashewa fiye da sau 100. Dare bayan dare, shekara bayan shekara. Himma ba ta ga rago!

Har manyan masana sun buƙaci na'urar da ake ɗauka. A 2017 hukumar NASA tana son sanin siffar wani ɗan dutse mai nisan kilomita fiye da biliyan shida, wanda daga baya aka kira Arrokoth, kafin kumbon New Horizons ya isa wurinsa. Dabarar ita ce a kama lokacin da dutsen zai gitta gaban wani tauraro ya rufe shi na ƙiftawar ido. Inuwarsa siririya ce, kuma inda ta ga dama take faɗawa, ba a iya tumɓuke babban ɗakin hange a kai shi can. Sai aka kwashi na'urori 24 masu sauƙin ɗauka zuwa Fatagoniya a kudancin Ajantina. Iska ta yi ƙarfi, mutanen gari suka jera manyan motoci suka tare ta, aka kashe fitilun titi, aka tsayar da zirga-zirga a babbar hanya. Ranar 17 ga Yuli na'urori biyar suka kama ƙiftawar. A watan Agusta na 2018 aka maimaita aikin a Senegal, tare da 'yan ƙasar ƙarƙashin jagorancin Maram Kaire, injiniyan kwamfuta da son taurari ya kama tun yana yaro. A 2021 aka sa wa wani dutsen sama sunansa, daga baya kuma ya zama shugaban hukumar nazarin sararin samaniya ta ƙasarsa. Nan kusa da mu ne fa, a Afirka ta Yamma!

To mu me muke jira? Duhun da wasu ke tuƙin awa huɗu suna nema, a bayan ƙauyenmu yake. Binciken nan na 2016 ya sa Chadi cikin ƙasashen da samansu ya fi tsabta a duniya. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka muna ganin taurarin arewa, muna kuma ganin da yawa daga na kudu waɗanda mutumin Ingila ba zai taɓa hangowa daga gida ba. Gaskiya ne tauraron arewa yana ƙasa-ƙasa a wurinmu, bai wuce dunƙulen hannu ɗaya da ɗan ɗori daga inda sama ta haɗu da ƙasa ba, kuma hazo yakan ɓoye shi. Amma daren da ruwa ya wanke sama, ko bayan kaka kafin ƙura ta taso, sai wanda ya gani. Kuma mu ba baƙin sama ba ne. Kakanninmu sun san Kaza da 'Ya'yanta, sun san Zara, sun san Gamzaki, kuma har yau duk ƙarshen wata idanunmu suna yamma muna neman jinjirin wata.

Tsada gaskiya ce, dala ta hau, kayan daga waje suke zuwa. Amma ku fara da abin da hannu ya kai. Ƙaramin tabaron hange mai ido biyu, in an jingina shi ya daina rawa, zai nuna muku ramukan wata da manyan watanni huɗu na duniyar Jufita. Madubi mai faɗin santimita 20 yana tara haske ninki 800 na abin da ƙwayar ido ke tarawa. Ku haɗa kai ku goma, ku yi adashe ku sayo madubin. Kafinta, kai za ka haɗa akwatin. Mai walda, kai za ka ƙera ƙafafun. Tela, ke za ki ɗinka rigar da za ta kare shi daga ƙura. Mai gyaran waya, batir da kyamara naka ne. Malamin makaranta, kai za ka tara yara. Gargaɗi ɗaya tak: kada kowa ya kuskura ya dubi rana ta cikin na'ura ba tare da matacin da aka yi musamman don haka ba, domin nan take take makantarwa.

Dobson ba shi da kuɗi, Bopp ba shi da na'ura, Buso makulli yake ƙerawa. Abin da suka riƙe shi ne fita da naci, kuma wannan kuna da shi, domin da shi kuke ciyar da gidajenku kullum. Ku duba kalanda ku zaɓi daren da babu farin wata, ku kira abokai, ku ɗauki yaranku maza da mata, ku fita bayan gari. Ku kafa na'urarku, ku bar kowa ya leƙa, kada ku karɓi ko kwabo. Ku fara a wannan watan, jama'a, kada ku bari sai baɗi!