Wanda ya kulle ƙofa, ƙishirwar tana wuyansa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Bayan sallar isha'i wani matashi ya tsaya har mutane suka watse, sannan ya matso ya ce, "Malam, ina da tambaya, amma kunyar yin ta nake ji a gaban jama'a." Na ce bismillah. Ya ce kyanwarsa ce ta mutu. Irin mai yalwar gashin nan ce mai shafaffen hanci, wadda ake kira 'yar Farisa, da kuɗinsa ya saye ta. Da safe ya fita aiki, ya kulle ta a ɗaki don kada yaran unguwa su ɗauke ta, ya bar mata fanka a kunne. Da hantsi aka ɗauke wuta. Ɗakin rufin kwano ne ba silin, ga shi watan Afrilu. Da ya dawo da la'asar ya same ta kwance, baki buɗe tana haki, miyau na dalala, ɗan ruwan da ya bar mata a murfin roba ya ƙare. Ya taɓa ta ya ji jiki zafi rau, sai ya ɗauka zazzaɓi ne, ya ɓalli rabin farasitamol ya ɗura mata. Kashegari ta mutu. Ya ce, "Malam, ko ni ma na shiga sahun matar nan ta cikin hadisi?"

Ban yi masa dariya ba, kuma ban ce masa "ai mage ce kawai" ba. Tambayarsa tambaya ce ta ilimi.

Hadisin da yake nufi sananne ne, yana cikin Bukhari da Muslim: wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu. Mu kan ji shi a wa'azi mu wuce, amma a lura da kyau, laifi biyu aka lissafa mata: ba ta ciyar da ita ba, kuma ba ta sake ta ta je ta nemi nata abincin a ƙasa ba. Na biyun nan shi ne jigon maganar. Da ta sake ta, da babu wanda zai tambaye ta. Maguna nawa ke yawo a kasuwa da bayan masallaci, wa aka ɗora wa ciyar da su? Abin da ya mayar da yunwar kyanwar ta zama bashi a kan matar shi ne tsarewar. Malaman mazhabar Malikiyya ma a kan wannan suka gina hukunci. A Mukhtasar na Shehu Khalil an wajabta wa mutum ciyar da dabbarsa idan babu makiyayar da za ta ci da kanta, in ya ƙi kuma a raba shi da ita. Ma'ana, gwargwadon yadda ka toshe wa dabba hanyar taimakon kanta, gwargwadon nauyin da ya hau kanka.

To ku dubi magen titi a cikin bazara. Ba za ka gan ta a rana ba. Tana gindin randa inda ƙasa ke da danshi, ko ƙarƙashin mota, ko lungun da iska ke ratsawa, sai rana ta yi sanyi ta fito. Asalinta dabbar busasshiyar ƙasa ce, ta san zafi, kuma ta san yadda ake kauce masa. Wadda ke mutuwa da zafi yawanci ita ce wadda aka fi so: wadda aka sa a keji, aka kulle a ɗaki ko shago, aka bari cikin mota "minti biyar kawai". Cikin motar da aka rufe a rana zafi kan ƙaru da kusan digiri 10 a minti goma. Kuma mun san ƙasarmu. Sakkwato da Maiduguri suna wuce digiri 40 a watan Afrilu, a shekarar 2024 ma garin Kayes na ƙasar Mali ya kai 48.5 ana tsakiyar azumi. Kai da ka ji zafi za ka buɗe ƙofa ka fita. Ita ka riga ka tafi da makullin a aljihu.

Na san wani zai ce, "Malam, mutane na kwana da yunwa, asibiti ya gagari talaka, kai kana maganar mage?" Maganar tana da ƙanshin gaskiya, kuma ni ma ba na goyon bayan wanda zai kashe dubban ɗaruruwa a kan kyanwa alhali maƙwabcinsa bai ɗora tukunya ba. Ɗan Adam shi ne gaba, babu musu. Amma babu wanda ya tilasta maka ka ajiye ta. Kai ka ɗauko amanar da hannunka, don haka ba ka da damar fakewa da yunwar mutane ranar da amanar ta nemi haƙƙinta. Kuma inuwa da kwanon ruwa nawa suke ci? A iya abin da na gani, wanda ke cewa tausayin dabba ɓata lokaci ne, da wuya ka same shi a kan gaba wajen tausayin mutane. Abu Ƙatada, Allah Ya ƙara masa yarda, ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi kuwa, duniya ba ta san shi da sunan yanka ba sai da laƙabin 'yar kyanwar da yake ɗauka.

Sai dai abin da ya fi damuna a labarin yaron nan ba rashin tausayi ba ne, don yana da shi. Tausayi ne ba tare da sani ba. Kuma ina ganin wanda ya tsare dabba, sanin alamun ciwonta yana cikin haƙƙinta a kansa, tunda ba za ta buɗe baki ta faɗa ba. Mage ma gwana ce wajen ɓoye ciwo. Sai ta lallaɓa ƙarƙashin gado ta yi shiru, kai kana cewa barci take.

Zafin jikin kyanwa mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 da 'yan kai, wato ya ɗan fi na mutum, don haka ɗumin jiki kawai ba ciwo ba ne. Idan ya haura 40 an shiga haɗari. Ba ta yin gumi kamar mu sai ɗan kaɗan ta tafin ƙafa, lasar jiki ce hanyarta ta sanyaya kai. Kare in ya yi haki al'adarsa ce. Mage in ta buɗe baki tana haki, to abu ya ɓaci, ko zafi ne, ko zuciya, ko huhu. Numfashinta a kwance bai cika wuce 30 a minti ba. In ka ga haki, ga dalalar miyau, harshe da dasashi sun yi ja wur, tana amai ko tangaɗi kamar mai maye, kada ka jira a yi magariba. Masu shafaffen hanci, da masu ƙiba, da tsofaffi da jarirai, su zafi ya fi saurin kayarwa.

Ɗauke ta ka kai inuwa. Ka jiƙa jikinta da ruwa mai ɗan sanyi, irin na randa ko na famfo, musamman ciki da hammata da tafin ƙafa, kana yi mata fifita. Ban da ƙanƙara, kuma kada ka naɗe ta da jiƙaƙƙen tawul ka bari, don yana riƙe zafin ne. Ka ajiye mata ruwa kusa, in ta sha falillahil hamdu, in ba ta sha ba kada ka ɗura mata, zai iya bi ta huhu. Sannan ka nufi likitan dabbobi ko da ta miƙe ta warware, domin illar da zafi ke yi wa ƙoda da hanta takan fito ne bayan kwana ɗaya ko biyu.

Farasitamol kuwa, don Allah ku isar wa wanda bai sani ba: guba ce ga kyanwa. Hantarta ba ta iya sarrafa shi yadda tamu ke yi, sai ya lalata jini har ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura. Ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, ƙasa da haka ma na iya. Haka fiya-fiya da maganin ɓera da muke zubawa a ɗaki mu rufe ƙofa, da maganin kaska na karnuka da wasu ke shafa mata. Akwai kuma wani ciwon gaggawa da ba a cika sani ba: muzuru ya riƙa tsugunawa yana yunƙurin fitsari yana kuka, babu abin da ke fita. Mafitsara ce ta toshe, kwana ɗaya zuwa biyu na iya gamawa da shi.

Mu koma ga mai tambaya. Na ce masa a'a, hukuncinka ba irin na matar nan ba ne. Ita ta hana abinci tana sane, kai ka bar ruwa da fanka, kuma maganin da ka ba ta neman sauƙi kake mata. An ɗauke wa al'ummar nan zunubin kuskure da mantuwa. Amma ban sallame shi da wannan kaɗai ba, don da na yi haka da na cuce shi. Na ce akwai sakaci. Ka san ana ɗauke wuta, ka san ɗakinka da rana kai kanka ba ka iya zama a ciki, kuma ka yi wata takwas da dabba ba ka taɓa tambayar masana me ke kashe ta ba. Wannan a yi masa istigfari, a yi sadaka in da hali.

Ya yi shiru, sannan ya ce wani abokinsa ya yi masa tayin wata 'yar kyanwa, ya karɓa? Na ce ka fara duba inda za ta wuni in ba ka nan: akwai inuwa, akwai iska ko da babu wuta, akwai ruwa a kwano biyu ba murfin roba ba? Ka kuma nemi lambar likitan dabbobi ka ajiye kafin ta shigo gidan. In ɗakin kwanon nan ne dai, ka bar ta wajen uwarta. Ya ce zai jira damina tukuna.

Wallahu a'alam.